Gashin Fen a Ruwan Toka

Mijina, Pa Ngek, bai taɓa wanke ko cokali ba tun da na shigo gidansa. Ranar da ya tashi yin wankin farko a rayuwarsa kuwa, sai ya ɗauko abin da ya fi komai daraja a gidan ya tsoma a ruwan tokata.

Hularsa ce, baƙar saƙa, wadda jan gashin fen ke soke a gefenta. Fen tsuntsu ne na kurmin da ke saman dutsenmu na Kilum, kuma a nan Oku ba duk mai kai ke soka gashinsa a hula ba, sai wanda Fon, sarkinmu, ya soka wa. Ngek ya sami nasa ne shekarar da wuta ta kama gefen kurmi, ya ja mazan unguwa suka tare ta kafin ta cinye amyoyin zuma. Tabon yana nan a damtsensa har yau. Ni ban taɓa sa hannu a hular nan ba. Ko faɗowa ta yi daga ƙusa, sai dai in kira shi ya zo ya ɗauki abarsa.

Abin da ya faru shi ne, ya je wani bikin mutuwa, wata mai rabon abinci ta wuce da kwano ta saman kansa, miyar manja ta ɗiga a hular. Ya dawo gida yana huci, ni kuma ina gona. Ya leƙa madafa ya ga ƙwaryar ruwan tokar ɓawon ayaba da na tace don miyar gwaza, ya tuna ya taɓa ganin ina cire maiƙo da irinsa. Ko cire gashin bai yi ba. Ya dulmiya hular gaba ɗaya, ya bar ta ta jiƙa, ya tafi shan taba.

Da na dawo na same shi zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar tsakanin ƙafafunsa. Ruwan ya yi ja-ja, kamar wanda aka wanke nama a ciki. Gashin kuwa ya koɗe, jan ya zube, sai wani launi marar suna.

"Ruwan miyata ka ɓata min?" na ce. "Pa, wa ya aike ka?"

Bai ko ɗago ba. "Gashin kaza ne, Sabina. Rina shi aka yi."

"Wane irin gashin kaza kuma?"

"Gashin fen ba ya koɗewa, kowa ya sani. Abin da ke zuba, rini ne. Shekaru talatin da wani abu ina yawo da gashin kaza a kaina, ana ba ni kujerar gaba, ina miƙa ƙahon sha ana fara zuba min bammi." Ya yi wata dariya da ba ta yi min daɗi ba. "Keming ne ya kai shi fada. Da bakinsa ya ce min shi ya zaɓar min mafi kyau."

Keming abokinsa ne tun suna kiwon awaki ba wando. A da can, kafin fada ta hana kashe fen, shi ke hawa dutse ya kamo wa fada tsuntsun idan za a karrama wani. Yanzu ya makance, ƙirji kuma ya sa shi gaba da tari. Duk ranar kasuwa Ngek kan ɗauki goran bammi ya haura gidansa, su zauna su zagi juna har rana ta karkata. Ba shi da wani mai zuwa wajensa a kai a kai in ba Ngek ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Ngek bai je ba. Ta gaba ma haka. Ya rataye hular a bayan ƙofa, ya daina zuwa gidan taron maza, ya koma zama a gindin bishiyar fiya da kai ba hula kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ka je ka tambaye shi mana," na ce.

"In ce masa me? In ce makaho, ashe ɓarawo ne kai? Ke ma kar in ji kin taka gidan nan da maganar."

Gaskiya ko bai hana ni ba, ba zan iya ba. Tambayar kanta zagi ce. Amma wani abu ya tsaya min a rai ya ƙi wucewa. Ruwan saman Oku ba ya wasa da kowa, kuma damina nawa ya daki hular nan? Na sha ganin Ngek ya shigo jiƙe sharkaf, hular na ɗiga, ban taɓa ganin ɗigon ja a wuyan rigarsa ba, ni da nake wanke rigar. Wane irin rini ne zai jure ruwan sama shekara da shekaru, ya zube a ƙwaryata rana ɗaya? Da na faɗa masa sai ya ce rinin da ne, mai kyau. Mijina in ya riƙe magana, ko ka nuna masa rana zai ce fitila ce.

Sai na fara da kaza, tunda kaza ya ce. A kasuwar Elak akwai masu sayar da rinannen gashin kaza don masu rawa. Na sayo ja guda, na tace sabon ruwan toka, na tsoma, na zauna ina kallo kamar mai jiran tukunya. Ruwan ya ɗan sauya kaɗan, amma gashin ya fito jajawur abinsa. Na kai masa.

"Rinin zamani ne," ya ce, ya juya baya.

To, na ce a raina, sai a nemo na gaske.

Muna da gonar masara can gangare, inda ake jin ɗumi, kusa da wani rafi mai bishiyoyin ɓaure. Na sha ganin jan fiffike yana walƙiya a wurin ina cikin noma. Na je na yi ta tona busassun ganye a gindin ɓaure, tururuwa na cizona, har na samo gashi ɗaya, dogo, ja. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na tsoma shi a gabansa, ruwan kuwa ya yi ja-ja sak irin na ranar nan.

"Ga shi," na ce. "Wannan ma Keming ne ya rina?"

Ya ɗan matso, na ga idonsa ya tsaya a ƙwaryar. Sannan ya ce, "A ina kika samo?"

"Gonar gangare."

"Tsuntsun, wane launi ne kansa?"

"Kansa? Ina ruwana da kansa, fiffiken na gani."

"Kore ne kansa, da farin kwalli a ido. Ɗan gangare ne wannan, ba fen ba. Me ya dame ni da abin da gashinsa ke yi?" Ya koma ya jingina. "Tun kina yarinya kike ƙarƙashin dutsen nan, Sabina, ba ki san fen ba."

Maganar ta yi min zafi, domin gaskiya ce. Na san kukansa, ina ji daga nesa in na je itace. Na san gashinsa a kan maza. Amma tsuntsun kansa ban taɓa tsayawa na kalla ba. Mace mai ɗauke da itace ƙasa take kallo, kar ta zame. Kuma ban san akwai iri biyu masu jan fiffike ba sai ranar. Haushi ya kama ni, haushin kuma ya juye ya zama son sani, har na kasa cin tuwo da daɗi.

Rejina, matar ƙanena, tana da amyoyi a cikin kurmi can sama. Na je na ce zan raka ta.

"Ke, Mami Sabina? Da wannan gwiwar? Zuma kike so in kawo miki?"

"Fen nake son gani."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Fon zai soka miki gashi ne a ɗankwali?"

"In ya soka min, ke za ki riƙe min jaka. Tashi mu tafi."

Hawan ya ci ƙafata. Mun wuce gonakin dankali, mun wuce inda gora ta yi duhu, muka shiga kurmin sosai, inda gansakuka ke lilo daga rassa kuma sanyi ke shiga har ƙashi. Gajimare na ratsa bishiyoyi yana jiƙa mana zane. Can sai muka ji shi. Ya fara da murya ɗaya sama, ya ɗan tsaya, sannan ya sako sauran a jere, kau-kau-kau-kau, da kaushi kamar tsohon da ya sha taba. Wani ya amsa daga ƙetaren kwari, wani kuma daga bayanmu.

"Ga su nan ko'ina," in ji Rejina.

"Ina?"

"Ai ji ake yi. Ni ma rabona da in ga ɗaya sosai na manta."

Ranar nan abin da na gani bai wuce walƙiyar ja sau biyu ba. Kafin in ce ga shi, ya shige ganye ya ɓace. Na dawo da ciwon wuya da ciwon gwiwa, Ngek ya tambaye ni ko na kamo masa, na ce ya ci tuwonsa.

Na sake komawa, na kuma sake. A hankali na gane wautata: ja nake nema, shi kuwa tsuntsun in ya sauka naɗe jan yake yi a ƙarƙashin fiffike, ya zama kore cikin kore. Sai na daina neman launi, na koma kallon motsi. In 'ya'yan itace na faɗowa ba iska, akwai mai ci a sama. In reshe ya girgiza daga gindi zuwa ƙarshe, wani ne ke gudu a kai. Ashe fen bai cika son tashi ba. Gudu yake bi ta reshe kamar kurege, ya yi tsalle ya kama na gaba, sai in bishiya ta ƙare masa ya buɗe fiffike ya zulala zuwa wata.

Ana cikin haka 'yar Keming ta tare ni a hanyar coci. Ta ce babanta ya rage cin abinci, kuma duk ranar kasuwa sai ya sa a fito masa da kujera bakin ƙofa, ya zauna yana sauraron hanya.

"Yana tambaya ko Pa Ngek lafiya," ta ce. "Ko mun yi masa wani laifi ne, Mami?"

Na ce ƙafa ce ke damunsa. Kunya ta rufe ni. Na zo na faɗa wa Ngek, ya tashi ya shiga ɗaki. Na san yana jin abin a ransa, amma taurin kai ya fi ƙarfinsa. Tsoro ya kama ni sosai a ranar, kar tsohon nan ya mutu yana sauraron hanya.

Washegari na tasa Rejina gaba tun raɓa ba ta bushe ba.

"Ke kam za ki kashe ni," ta ce. "Ƙudan zumana ma sun fara gane ki."

Akwai wata doguwar bishiya a bakin wani fili, inda rana ke fara sauka, mai ƙananan 'ya'ya da na lura suna so. Muka zauna a kan wani kututture muka lulluɓe da zane. Rejina ta fara ba ni labarin maƙwabciyarta, na toshe mata baki da hannu.

Biyu ne suka zo. Suka sauka a reshen da ba ganye, rana ta haske su, na gan su ƙuru-ƙuru kamar kajin gidana. Kai, ashe haka yake! Tukku ne ja a kansa, daga goshi har ƙeya, zaune daram kamar shi ma hula ya sa. Kumatunsa toka-toka. Bakin rawaya, da ɗan ja a samansa. Ƙirjin kore, baya da doguwar jela kuma sun yi duhu suna sheƙi, shuɗi-shuɗi. Ba farin kwalli ko ɗis a idonsa. Ɗayan ya tsinko ɗan itace, ya bi reshe da gudu, ya sa wa ɗayan a baki.

"Kin gani?" Rejina ta raɗa min. "Ko tsuntsu ya fi ƙanenki."

Shekarun nan duka fen yana nan saman kaina, ni ina ƙasa ina wanke rigar mai gashinsa. Suka ci, suka ƙoshi, sannan suka buɗe fiffike suna shan rana suna gyaran gashi da baki. A nan na ga jan sosai, mai duhu, mai zurfi, irin wanda hular Ngek ke da shi kafin ya yi mata wanki.

Da suka tafi muka rarrafa gindin bishiyar. Tunda nan suke gyaran jiki, na ce, dole wani abu ya taɓa faɗowa. Mun daɗe muna tona jiƙaƙƙen ganye. Rejina ce ta samo, maƙale a gansakuka, raɓa ta jiƙa shi amma jansa na nan.

"Wannan fa na fada ne," ta ce. "Kai musu ya kamata a yi."

"Fada ta yi haƙuri da ni yau ɗaya."

Na sami Ngek a gindin fiya. Na ajiye ƙwarya biyu a gabansa, ɗaya ruwan sama daga randa, ɗaya ruwan toka, na miƙa masa gashin.

"Daga ina kuma?"

"Daga sama, gaba da amyoyin Rejina. Ɗan gangarenka ba ya hawa can, kai ma ka sani."

Ya juya gashin a hannu. "Kin ga mai shi?"

"Na gani."

"Kansa?"

"Ja, har ƙeya."

"Ido?"

"Ba kwalli. Kumatu toka-toka."

"Baki?"

"Rawaya, da ja a sama. Kuma ba ya tafiya kamar mai hankali, gudu yake a reshe."

"Kukansa fa?"

Na gyara murya na yi masa, ta farkon sama, sauran a jere. Akuyarmu ta firgita ta tsinke igiya. Ngek ya yi dariya, ta farko tun ranar wanki, ya ce fen ɗin da ya yi irin wannan kuka mura ke damunsa.

"Tsoma da hannunka," na ce. "Kar ka ce na yi wani abu."

Ya tsoma a ruwan sama. Muka jira. Ruwan na nan fari tas. Ya ciro, ya karkaɗe, ya tsoma a ruwan toka. Da farko ba komai. Sannan wani siririn ja ya fara fita daga gashin yana yaɗuwa, a hankali, har ƙwaryar ta zama irin ta ranar nan.

Ya daɗe yana kallo.

"Ashe na gasken ne ke zuba," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Wa ya taɓa wanke shi da toka balle a sani? Sai kai."

Ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito da hular a kansa, koɗaɗɗen gashin na tsaye a gefe. Ranar ba ranar kasuwa ba ce. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, ni kuma na bi shi a baya da goran bammi, don ya manta da shi.

Keming na kwance a tabarma kusa da murhu, ya rame har na kusa kasa gane shi. Tun daga tsakar gida ya ji sandar.

"Wannan jan ƙafar na san shi," ya ce. "Ashe ba ka mutu ba, tsohon biri?"

"In mutu in bar ka da wa?"

Ngek ya durƙusa kusa da shi da ƙyar. Keming ya miƙo hannu yana laluben fuskarsa, ya hau goshi, ya kai ga hular, ya sami gashin. Ya bi shi da yatsa daga gindi zuwa sama, ya tsaya a wani ɗan gurbi kusa da ƙarshe.

"Yana nan," ya ce. "Nan ne tarkona ya ɗan ci shi. Na so in canza maka wani, amma duk cikinsu ba wanda ya kai shi ja. Har yanzu jajawur yake?"

Ngek ya kalle ni. Na kalli murhu.

"Ya koɗe," ya ce. "Ni na wanke shi."

"Ka wanke? Da me?"

"Ruwan toka."

Keming ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta rugo da ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai dai wawa ne tun muna kiwo. Toka ai ita ce maganin jan fen. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Mami Sabina, ina kike aka bar wannan ya taɓa ruwa?"

"Ina gona, Pa Keming."

"To kar ki ƙara zuwa gona." Ya sake lalubo hannun Ngek ya riƙe gam. Dariyar ta bar fuskarsa. "Kunyar gashin ce ta hana ka zuwa? Ni da ba na gani? Na yi ta sauraron hanya, Ngek. Na ce ko na yi maka wani abu ne ban sani ba."

Tausayinsu su biyu ya kama ni, har na ji ba zan iya tsayawa a ɗakin ba, amma ban fita ba.

"Ba ka yi min komai ba," Ngek ya ce. "Ba ka taɓa yi min komai ba."

"To zuba min bammin, ka zauna kana kuka kamar mace a gidan mutuwa."

Na miƙa goran. Ngek ya karɓa, ya cika ƙahon Keming, ya sa masa a hannu, ya riƙe hannun da nasa biyu har ya kai baki.